Mutumin da Ya Ce Ba Komai

Shekarar da aka raba Benuwe da Filato, Lafia ta faɗo cikin Filato, ita ce shekarar da na ajiye fartanya a Akurba na kama aikin ɗauko marasa lafiya daga daji. Bana da aka ba mu jiharmu na cika shekara ashirin a kai. Ban iya rubutu ba sai shekara uku da suka wuce, a ajin manya na Bukan Sidi, shi ya sa sai yanzu nake sa wannan a takarda. Don ku nake rubutawa, ku samarin da aka turo mana ku koyi aiki. Shekaranjiya na ji ɗayanku yana cewa ai abin ba wuya, a jefa mutum a mota ne a taka wuta. Tun ran nan na kasa zama wuri ɗaya.

Mota ita ce ƙarshen aikinmu. Aikin yana can inda hanya ta ƙare, inda za ka yi tafiyar awa biyu da akwati a ka kafin ka ga wanda aka kira ka dominsa. Babu likita a can, babu wanda za ka tambaya. Abin da ka yi a minti goma na farko, da shi za a kai mutumin nan tiyata, ko kuma a mayar da shi gida a rufe.

Fitata ta farko wata mata ce da kububuwa ta sara a gonar doya. Wanda na bi shi ne Baba Ayuba, mutumin Eggon, wanda ya yi jinyar sojoji lokacin yaƙin basasa ya dawo da ɗingishi da gajeren haƙuri. Mun tarar mijinta ya ɗaure mata ƙafa da robar keke, ya tsattsaga wurin da reza, ƙafar ta yi baƙi ta kumbura. Ni na ruga zan ɗauke ta. Baba Ayuba ya doke mini hannu.

"Ina za ka kai shi? Ka san abin da yake cikin jininsa?"

Haka Hausarsa take, mace da namiji duk shi ne. Ya ɗebi jininta kaɗan ya zuba a wata 'yar kwalba mai tsabta, ya kafa ta a ƙasa, ya miƙa mini agogonsa ya nuna inda doguwar allurar za ta kai. Minti ashirin muna tsaye, mijin yana zaginmu. Da ya karkata kwalbar sai jinin ya gangara kamar ruwa, bai daskare ba, alamar dafi ya shiga jiki. Sannan ya fito da allurar maganin dafi, wadda muke tafe da ita cikin jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya ɓata ta, ya sa mata a jijiya a hankali, ya sassauta robar kaɗan kaɗan. Matar nan tana nan da rai, tana sayar da gari a kasuwa, sai dai yatsu biyu da robar ta cinye.

Kayanmu ba su da yawa. Akwatin ƙarfe ɗaya, a ciki akwai ledar ƙarin ruwa da igiyarta, allurai, auduga, bandeji, almakashi, sabulu, da katako biyu na ɗaure karaya. Sai gadon ɗauka, na tamfol da sanduna biyu. Gadon nan ya ba mu wahala a ƙauyuka, don mutane suna ganinsa kamar makara. Akwai dattijon da ya faɗo daga kan kaɗanya ya karya ƙugu, ya rantse ba zai hau ba sai ranar da aka yi masa wanka. Sai da Baba Ayuba ya kwanta a kai da kansa, ya sa muka zaga da shi bukka yana cin gyaɗa, kafin dattijon ya yi dariya ya yarda. Daga baya matata ta ɗinka wa tamfol ɗin atamfa mai ja da rawaya, aka rage gardama.

Shekara bakwai ina bin Baba Ayuba. Ya koya mini samun jijiya a hannun da ya bushe, da tsayar da jini da tafin hannu, da yadda ake juya wanda ya faɗo daga sama ba tare da an lanƙwasa masa wuya ba. Amma abin da ya fi nanatawa ba ya cikin akwati. Duk inda muka isa, kafin ya buɗe komai, sai ya bi kowa da ke wurin ya taɓa shi. Ya kama wuyan hannu, ya ja fatar ido ƙasa ya duba, ya danna ciki.

"Sale," in ji shi, "mai ihu yana da iska a ƙirji, zai jira ka. Ka je ka taɓa wanda ya yi shiru. Bakinsa ba ruwanka da shi, hannunka ne zai faɗa maka."

Na ji wannan ya fi sau ɗari. Ina iya faɗarsa da muryarsa ma, direbanmu yana dariya.

Mummunar shekararmu ita ce wadda ta biyo bayan fari. Ƙafar Baba Ayuba ta matsa masa, ya koma garinsu, aka bar mini akwati. Kaya suka yi ƙaranci ko'ina. Bandeji sai mu wanke mu dafa mu sake amfani da shi. Ledar ruwa, da muke fita da huɗu, ta koma ɗaya. Damina kuma da ta zo ta zo da ƙarfi, rafukan da muke tsallakewa da mota suka cika har wuya.

A cikin wannan daminar, wata Talata da hantsi, wani Bafulatani ya shigo da keke, laka har gwiwa. Ya ce sa ya karya mahauci a rugar Ardo Buba, can bayan Assakio, ƙashi ya fito waje. Muka tafi. Mota ta kai mu bakin wani rafi ta tsaya, direba ya ce ko da bindiga ba zai sa ta a ruwan nan ba. Na bar shi a wurin, na ɗora akwati a ka, mai keken ya ɗauki gado, muka shiga ruwa har ƙirji. Daga can tafiyar awa ɗaya da rabi ce cikin ciyawa.

Tun kafin mu ga bukkoki muke jin ihu. Mahaucin sunansa Tanko, Babarbare ne na cikin Lafia, ƙato, na san shi a kasuwa. Ya zo da abokin sana'arsa ɗaukar wani bijimi, suna cikin kayar da shi igiya ta kuɓuce. Yana kwance a tabarma, ƙwaurinsa na dama ya lanƙwashe, farin ƙashi ya huda fata, jini ya jiƙa ƙasa. Duk da haka bakinsa bai mutu ba, kun san wasan Barebari da Fulani.

"Malam Sale, ka zo? Ka ga abin da bayina suka yi mini! Fulani, ko sanku ma ba shi da amana. Wayyo ƙafata! Ardo, wallahi in na mutu kai za ka riƙe mini 'ya'ya."

Ardo Buba, dattijo siriri mai farin gemu, ya ce, "Kai da kake yanka su kullum, yau ɗaya sun rama kake kuka?"

Na durƙusa a kan Tanko. Na danne jinin, na wanke wurin, na rufe ƙashin da auduga, na ja ƙafar a hankali na ɗaure ta tsakanin katako. Jinin da na gani a ƙasa ya tsorata ni, sai na fito da ledar ruwan nan ɗaya tilo na sa masa. Aikin ya yi kyau, ko Baba Ayuba ba zai kushe shi ba.

Ina naɗe bandeji na ɗaga kai na ce, "Akwai wani da san ya taɓa?"

Abokin Tanko ya nuna gindin wata ɗorawa. "Wancan ne ya riƙe igiya. Na ga san ya haɗa shi da itacen."

Wani mutum ne zaune, bai wuce shekara talatin ba, ya jingina da ɗorawar, sandarsa a kan cinya, ya ja malfa ta rufe masa rabin fuska. Rigarsa babu jini ko ɗigo. Sunansa Bello, mijin 'yar Ardo ne. Na taka zuwa wurinsa, Ardo ya biyo ni ya tsaya a bayana.

"Sannu. Ina ke maka ciwo?"

Bai ɗago ba. Ya kawar da fuska gefe ya ce, "Ba komai, Malam. Ya ɗan ture ni ne."

"Ka tabbata?"

"Lafiya lau. Ku ji da baƙo." Sannan ya ce, "In da ruwa dai, a ba ni."

A tsaye na yi masa tambayoyin nan, hannuwana a jiƙe da jinin Tanko. Tanko ya sake kurma ihu, na juya na koma. Ban kama wuyan hannunsa ba, ban ja fatar idonsa ba, ban ɗaga rigarsa ba. Ku lura da wannan. Ni Bagwandare ne, a gidanmu ma ba na cin abinci a gaban surukina, ba na miƙe ƙafa. Na san Bafulatani ya fi mu nisa a wannan, na san abin da ake kira fulako, na san ko wuta aka ɗora masa ba zai ce wash ba in uban matarsa yana tsaye. Duk na sani, kuma na yi masa tambaya da surukinsa a bayana, na karɓi amsar.

Sai maganar ɗauka. Tanko yana da nauyi, sai mutum huɗu, kowa da kan sanda a kafaɗa. Ni ba zan ɗauka ba, don dole in riƙe ledar ruwa sama ina duba ƙafar. Mazan rugar duk sun fita kiwo. Akwai mai keke, akwai abokin Tanko, aka kira wani manomi daga gonar kusa, uku ke nan. Ardo ya duba hagu ya duba dama, ya tattare rigarsa ya sunkuya zai kama sandar baya.

Kafin hannunsa ya kai, Bello ya miƙe. Ya dafa itacen ya tashi, ya zo ya tsaya a gefe kansa a ƙasa har Ardo ya matsa. Ya sa kafaɗa.

Tanko ya ce daga kan gado, "Yawwa, bawana, ɗauki ubangidanka. Ka yi a hankali, ba buhun gero ba ne."

Bello ya yi ɗan murmushi. Muka kama hanya, Ardo yana biye da sandarsa.

Tafiyar nan ina iya zana muku ita taki taki. Rana ta take, ciyawa ta fi mu tsawo, ƙasa tana santsi. Ina gefen gado, hannuna a sama da leda, idona a kan bandeji ko jini zai ɓullo. Sau biyu na waiwaya. Na farko na ga Bello ya mayar da sandar kafaɗar dama, yana murza ta hagu. Na ce a raina nauyi ne. Na biyu na ga gumi yana zuba daga haɓarsa, yana hamma. Na ce rana ce. Da muka tsaya hutawa ya shanye butar manomin nan duka, ya nemi ƙari. Ciwon kafaɗar hagu, hamma, ƙishirwa, gumi. Da a gaban Baba Ayuba aka jera mini su, kafin a rufe baki zan ce jini ne yake zuba a ciki. A hanyar nan ɗaya ɗaya suka zo, kowanne na ba shi dalili.

Mun hango motar a tsallaken rafi, direba yana ɗaga mana hannu, sai gadon ya karkata. Bello bai saki sandar ba. Ya durƙusa da ita a hankali har ta taɓa ƙasa, don kada Tanko ya faɗo, sannan ya kife.

Na miƙa wa manomin leda na juya shi. Jikinsa sanyi ƙalau kamar randa. Na kama wuyan hannu, bugun yana gudu, siriri, da ƙyar nake jinsa. Na ja fatar ido, fari fat. Na sa almakashi na tsarge rigar. Babu rauni, sai wani ɗan shaci a kan haƙarƙarin hagu na ƙasa, amma cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Goshin san ya fasa masa saifa tun hantsi, jini yana taruwa a ciki, kuma a haka ya ɗauki ƙato tafiyar awa ɗaya da rabi.

Na duba ledar. Saura kamar kofi ɗaya.

Na ce, "Tanko, zan cire maka ruwan nan."

Tanko ya ɗago ya ga cikin Bello. Wasan ya bar bakinsa. "Cire. Ku sauke ni ma, ku ɗora shi. Ni ku ja ni a ƙasa."

Na sa sabuwar allura na nemi jijiya a hannun Bello, duk sun kwanta. Na gwada dama, na gwada hagu. A karo na huɗu na samu a lanƙwasar gwiwar hannu. Na matse ledar da hannu biyu har ta ƙare. Muka sauke Tanko a kan ciyawa, muka ɗora Bello, na sa akwati a ƙarƙashin ƙafafunsa don jinin da ya rage ya koma sama. Direba ya shigo ruwa ya kama sanda ta huɗu. Muka ɗaga gadon bisa kawunanmu muka tsallake, ruwa yana jan ƙafafunmu. Muka dawo muka ɗauko Tanko a kan wata ƙofar kara da manomin ya ciro daga wata bukkar gona a bakin rafin. Duk wannan ya ci kusan rabin awa, kuma babu yadda zan rage shi.

Ardo ya zauna gaba kusa da direba. Ni ina baya tsakanin mutum biyu, yatsuna a wuyan Bello. Bayan mun wuce Assakio ya buɗe ido. Ya dubi rufin mota, ya dube ni, ya yi magana ƙasa ƙasa sai da na kai kunne.

"Malam, Baffa ya ga na faɗi?"

Ardo yake nufi. Na ce, "Bai gani ba. Yana baya, ciyawa ta tare shi."

Ban sani ba ko ya yarda. Ya rufe ido. Direba yana ta taka mota, ramuka suna jefa mu sama. Muna hango rufin kwanon Akurba bugun ya ɓace a ƙarƙashin yatsuna. Na danna ƙirji, na hura masa iska, har ƙofar asibiti ban daina ba. Likitan da ya fito ya duba ya ce in bari. Ya tambaye ni ƙarfe nawa abin ya faru, na faɗa masa. Ya ce da an kwantar da shi tun can, an ba shi ruwan nan, an ɗauko shi a gado, da wataƙila ya iso da sauran numfashin da za a shiga tiyata da shi. Wataƙila ya ce, bai ce tabbas ba.

Ardo bai ɗora mini laifi ba. Da muka mayar da gawar washegari ya riƙe hannuna ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Malam. Ni ma ina tsaye ban gani ba." Na ce masa haka ne. Amma shi ba aikinsa ba ne ya gani.

Ran Juma'a na hau mota na je wurin Baba Ayuba na faɗa masa komai. Yana zaune yana gyaran rediyo. Ya saurara har na gama, bai ɗago ba.

"Ka taɓa shi?"

"Na tambaye shi, Baba."

"Ban ce ka tambaye shi ba. Ka taɓa shi?"

Na ce a'a. Ya ci gaba da gyaransa. Can ya ce in ci abinci kafin in koma.

Tun daga ranar na ƙara abu ɗaya a akwati, shi ne zanen nan shuɗi da kuke tambaya na mene ne. Duk inda na isa, a ruga ko a ƙauyen manoma, sai in sa mutum biyu su riƙe shi kamar labule, in shigar da kowa bayansa ɗaya ɗaya. Kafin nan nakan tambaya wa ke surukin wa, wa ke ɗan farin wa, in aiki dattijon ɗebo ruwan zafi ko kiran wani, ko da ba na bukata. A bayan zanen nan na ga mazan da suka ce ba komai sun riƙe hannuna suna rawar jiki. Na sami macen da ta ɓoye saran maciji a cinya don wan mijinta yana wurin. Kuma duk wanda yake wurin da abu ya faru, ba ya kama sandar gadona sai na danna cikinsa, ko zai yi fushi.

Kun ce ina da jinkiri, ina ɓata lokaci a kan masu lafiya alhali ga mai jini yana ihu. Kun ce ba na zama, da na ji ƙararrawar keke sai in miƙe. Duk gaskiya ne. Tanko yana nan a kasuwa, yana ɗingishi, ku je ku tambaye shi. Har yau yana tsokanar kowane Bafulatani da ya wuce gaban teburinsa, amma ban sake jin ya kira ɗayansu bawansa ba.

Ga abin da aka rasa a fitar nan. Ledar ruwa ɗaya, wadda na sa wa wanda zai iya jira. Allura huɗu. Takalmina na roba ƙafa ɗaya, rafi ya tafi da shi. Ƙafar Tanko ta gajarta da yatsa biyu. Bijimin an yanka shi a ranar. Sai Bello, mai mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu, wanda ya ɗauki gadona a kafaɗa tafiyar awa ɗaya da rabi, ya kwanta a kansa rabin awa.